Siddiƙu Mai Masauki da Baƙin da Ya Ƙwato

In ka shigo Sakkwato ta Ƙofar Dundaye a zamanin da Nasara bai daɗe da zama ba, ka tambayi gidan Siddiƙu mai masauki, ba wanda zai ɓata bakinsa wajen yi maka kwatance. Sai dai a ce maka ka bi kashin jakai, inda ya fi yawa nan ne. Kuma ba ƙarya aka yi maka ba. Gida ne mai zaure biyu, da fili a baya inda ake ɗaure dabbobi, da wani dogon ɗakin ajiya mai ƙyauren itace, wanda mabuɗinsa ba ya barin wuyan maigidan ko wanka zai shiga.

Siddiƙu gajere ne mai tumbi, ga dariya ga zufa, duka biyun ba sa yanke masa. A gidan aka haife shi, a gidan ya tsufa, har ya ga ranar da mota ta fara shigowa gari, ya tsaya a ƙofar zaure ya yi mata tsaki. Bai taɓa fatauci ba, ƙafarsa ba ta taɓa wuce Kware ba. Amma in ya gyara zama yana ba da labarin hanyar arewa, rijiya kaza ruwanta da zartsi, dutse kaza akwai kuraye, sai ka rantse shi ya share hanyar da hannunsa. Duk a bakin baƙinsa ya tsinta.

Sana'ar gado ce. Fatake in sun iso, mai masauki zai tarbe su da ruwa da fura, ya ba su ɗaki, ya ba dabbobinsu harawa. Kayansu ya kwashe ya kulle a ɗakin ajiya, kwari da baka da takobi ya rataye su a zaure. Shi zai kira dillalai, a gabansa za a yi ciniki, kuma baƙo ba ya taɓa ko da kantu ɗaya na gishirinsa sai maigida ya ciro mabuɗi. Ubansa ya bar masa ƙa'ida biyu, ya kuwa riƙe su tamkar karatun salla. Ta farko, ba a tsare baƙo da tambaya sai ya ci ya ƙoshi ya huta. Ta biyu, madugun da ya sa hannu a akushinka ya zama naka a wannan tafiyar: shi ba ya komawa wani gida, kai kuma ba ka ba da shi ga kowa.

Baƙi kam ya gani iri-iri, amma ba wanda ya kai masa Madugu Giɗaɗo na Kwarin Yari. Uban Giɗaɗo a gidan uban Siddiƙu yake sauka, su kuma tun suna samari suke zaune a tabarma ɗaya. Giɗaɗo dogo ne siriri, magana sai ta kama dole, Siddiƙu kuwa bakinsa ba ya hutu, saboda haka zamansu ya yi daɗi: ɗaya na zuba, ɗaya na gyaɗa kai. Kowace shekara bayan kaka ayarinsa zai iso da gishiri da kanwa da fatu, ya koma da saƙi da goro da taba.

Kwarin Yari ƙaramar ƙasa ce can arewa, da sarkinta da ganuwarta da kasuwarta. Da Turawa suka zo rabon ƙasa sai suka bi ta tsakiyarta suna kafa duwatsu. Gari ya faɗo wajen Ingilishi, rijiyoyi da rabin gonaki suka faɗa wajen Faransa. Kai, har wani mutum aka ce ɗakinsa na nan, rumbunsa na can! Waɗanda abin ya yi wa daɗi su ne mahara. Su tare ayari a wancan gefe, su tsallako wannan gefe su zauna suna sakace, don sojan can ba ya ƙetare dutse, dogarin nan kuma bai san an yi ba. Ga shi an buɗe sabuwar kasuwa a wancan gefen tana janye fatake. Ayarin da ke isowa Sakkwato ya ragu ƙwarai, masu masauki suka fara kallon juna a kaikaice.

Nan ne Abdulwahabu ya shigo labarin. Tare suka yi makarantar allo da Siddiƙu, tare aka sha zane su. Shi ya yi fatauci na gaske, ya san hanya, da ya gaji ya dawo ya buɗe masauki a bakin ƙofar gari, ya sayi doki. Sai ya ɓullo da wata dabara da ba a saba ba: maimakon ya jira baƙi a zaure, sai ya haye gulbi ya tafi Dundaye da ƙwaryar fura ya tare su tun a hanya. Mutumin da ya kwaso rana da ƙishi, aka miƙa masa fura mai sanyi, ina zai tuna da wani tsohon maigida? Da haka ya kwashe wa Siddiƙu baƙi da dama. Kuma ya yi ta faɗa a kasuwa, yadda zai koma kunnen mai shi, cewa bana Giɗaɗo a gidansa zai kwance kaya.

Wannan magana ta hana Siddiƙu sakat. Sauran baƙi su tafi, Allah ya raka taki gona, amma Giɗaɗo? Da lokacin isowar ayarin ya matso, sai ga Siddiƙu, mutumin da ko kasuwa sai ya huta a hanya, yana fita kullum da sassafe, ya naɗe riga ya ratsa gulbi, ya zauna gindin wata tsamiya a Dundaye da ƙwaryar fura a gabansa. Abdulwahabu na gindin tsamiyar da ke kallonta da tasa ƙwaryar. Su gaisa a daƙile, kowa ya zuba wa hanya ido.

Ran nan da hantsi sai ga jakai sun ɓullo. Tun daga nesa Siddiƙu ya shaida su, don jakan Giɗaɗo duk an tsaga musu kunnen hagu, ga kuma farar jakar nan mai ƙararrawa a gaba. Bai san lokacin da ya miƙe ba. Ya sungumi ƙwarya ya sheƙa, fura na fallatsa a gemunsa, takalmi ɗaya ya tsaya a yashi bai waiwaye shi ba. Abdulwahabu ya tsaya kwance doki, kafin ya hau har Siddiƙu ya isa.

Masu koro jakan mutum shida ne ko bakwai, duk sun ja rawani sun rufe baki, kuma ba ko ɗaya da ya sani. Na gabansu wani ƙato ne mai jajayen idanu. Da ya ga mutum ya nufo su a guje sai ya kai hannu ga takobi.

Siddiƙu ya ce, yana haki, “Maraba, maraba! Sannunku da hanya! Ku sabbin yaran Madugu na? Ina shi?”

Ƙaton ya dubi 'yan'uwansa, ya ce, “Ƙahwa ta matsa mai. Ya ce mu yi gaba.”

“Ayya, wagga ƙahwa tashi! Tun bara ni ce mai shi nemi magani. To bisimilla, sha hura.”

Sai ga Abdulwahabu ya diro daga doki da tasa ƙwaryar, yana cewa tasa da nono mai kauri aka dama. Ka ga manyan mutane biyu, masu iyali, kowa na tura wa baƙo ludayi a baki, kowa na ture ɗan'uwansa da kafaɗa! Mutanen Dundaye har sun fara taruwa kallo. Allah ya ba gajere sa'a, ya kutsa ta ƙarƙashin hammatar Abdulwahabu, ludayinsa ya riga isa. Ƙaton ya kurɓa.

Siddiƙu ya yi kabbara ya ce, “Jama'a ku shaida, tawa yas sha!” Ya juya ya dubi abokin hamayyarsa, bakinsa har kunne, ya ce, “Abdu, kai taka gida, yara su sha.”

Aka kamo hanyar gari, Siddiƙu a gaba da takalmi ɗaya, yana gaida duk wanda ya gani don a gan shi. Jakan ma ba su nemi jagora ba, farar jakar ta miƙe har ƙofar gida ta shige fili ta tsaya a turkenta. Aka zo sauke kaya, baƙin suka rasa yadda ake kwance igiyar mangala, har ɗaya ya zaro wuƙa zai yanke. Siddiƙu ya ce a ransa, yaran zamani ke nan, Madugu ya kwaso sababbin hannu. Ya kwashe kaya tsaf ya kulle. Ya miƙa hannu a ba shi makamai, suka yi turus, ya ce ai haka al'adar gidan take, kuma Nasara ya hana yawo da makami a cikin gari. Suka miƙa suna ƙunƙuni, ya rataye. Ƙaton ya ce sunansa Tambari. Ko tambayarsa ba a yi ba, don ba a kai ga lokacin tambaya ba tukuna.

Matar Siddiƙu ɗaya ce, Juwairiyya. Ba ta leƙa zaure, amma ta fi mijinta sanin wanda ke cikinsa, don akushi kan gaya mata. Ita da Rabi matar Giɗaɗo ba su taɓa ganin juna ba, amma sun daɗe suna ƙawance ta hannun mazansu. Duk shekara, akushin farko da ta aika zaure ba ya dawowa wofi, sai an sako cuku a ciki an ce in ji Rabi, tana gaisuwa. A wannan rana akushi ya dawo an suɗe shi tas, ba cuku ba gaisuwa.

Ta kira mijinta ciki ta ce, “Malam, waɗanga mutane, wa ya aiko su?”

“Wace irin tambaya ta wagga? Ba ki ji ƙararrawar jaka ba?”

“Na ji jaka. Rabi ta ban ji ba.”

Ya ce mata mantuwa ce irin ta yara. Ta ce to, ya je ya dubi babbansu da kyau, ta hango shi ta kafar zana ya tuɓe bargon da ya yafo, kuma rigar da ke jikinsa ita ta kaɗa zarenta.

Siddiƙu ya koma zaure yana dariyar mata da zarginsu. Ya dubi Tambari, dariyar ta yanke. Rigar saƙi ce, tasa ta kansa, wadda ya tuɓe ya ba Giɗaɗo bara ran sallama. Ga ma tabon goron nan a ƙirji, wanda ya fesa mata garin dariya, wanki ya kasa fitarwa. Mutum ba ya kyautar da rigar da maigidansa ya ba shi, balle Giɗaɗo. In ka ga rigar a jikin wani, to, tuɓe masa ita aka yi.

Zufar da ta karyo masa ba irin wadda ya saba ba ce. Ashe mahara ya yi wa gudu da takalmi ɗaya! Ashe ɓarayin amininsa ya ƙwato da ƙarfin tsiya a gaban mutanen Dundaye, har da kabbara! Abin kunyar ma da sauƙi. Abin da ya fi ci masa rai shi ne bai sani ba ko Giɗaɗo na da rai, ko yana can yashe a daji.

Ya koma ciki ya zube a bakin murhu. Juwairiyya ta ce a kira dogarai yanzu-yanzu. Ya girgiza kai ya ce, “Sun ci tuwona. Ban ba da wanda yac ci tuwona, ko Iblis na.” Ta ce to ya kore su. Ya ce in ya kore su yanzu za su ce a ba su kaya, in ya hana a zub da jini a zauren ubansa. Kaya dai suna kulle, makamai suna rataye, mabuɗi na wuyansa. Abin da ya rage shi ne ya riƙe su da daɗin baki har a san halin da Madugu ke ciki, kuma ko ƙwayar kanwa kada a sayar.

To, wa zai bi hanyar arewa ya dubo? Siddiƙu ya lissafa mutanen da ya sani kaf, ya sake lissafawa ko zai sami wani, bai samu ba. Mutum ɗaya ne ke da doki, ya kuma san kowace rijiya a hanyar. Washegari da hantsi ya ja ƙafa, kamar mai zuwa wajen wanzami a cire masa haƙori, ya yi sallama a zauren Abdulwahabu.

Ya faɗi abin da ya faru, kansa a ƙasa. Abdulwahabu ya saurara har ƙarshe, sa'an nan ya fashe da dariya. Ya yi dariya har ya kwanta a buzu, ya tashi ya share hawaye, ya dubi Siddiƙu, ya sake kwantawa. “Jama'a ku shaida, tawa yas sha!” in ji shi, yana kwaikwayon muryarsa. “Wayyo cikina! Siddi, Allah shi biya ka da kar riga ni!”

Siddiƙu ya ce, “In dariyar ta ishe ka, ɗaura sirdi.”

Abdulwahabu ya natsu. Ya dube shi ido cikin ido ya ce, “Zan tahi. Amma kada mu yi ma juna ƙarya. In na ishe shi da rai, da yunwa zan ishe shi, kuma da guzurina zan tarbe shi. Ka san abin da wannan ka nuhi.”

Siddiƙu ya sani sarai. Duk wahalar da ya sha ta ratsa gulbi don kada hakan ta faru ne, ga shi yanzu da ƙafarsa ya zo yana roƙon a yi. Ya ce, “Na sani. Kai dai kawo shi da rai. In ya so shi sauka gidanka har abada.”

Abdulwahabu bai ƙara dariya ba. Kafin azahar ya haye gulbi.

Kwanakin da suka biyo baya, Siddiƙu ya yi ƙaryar da bai taɓa yin irinta ba tun da aka haife shi. Kullum Tambari zai ce a kira dillalai, suna sauri. Yau a ce masa babban dillalin gishiri ya tafi taron suna a Mabera. Gobe a ce ana jiran fataken Nufe, in sun iso kaya za su yi daraja ninki. Jibi a ce ranar ba ta da sa'a, malamai sun duba. Dillalan kuwa suna nan suna zarya a ƙofar gida, don shi da bakinsa ya cika gari da cewa kayan Giɗaɗo sun iso, sai ya riƙa tare su a waje yana raɗa musu cewa gishirin ya sha ruwa, su ba shi kwana biyu.

Duk lokacin da ya ga baƙin sun fara kallon makaman da ke rataye, sai ya ƙwala kira a kawo abinci. Tuwon shinkafa da miyar kifin gulbi, dambu, waina da zuma, fura da rana, gasasshen nama da la'asar. Kajin gidan suka ƙare, aka shiga awaki. Juwairiyya na tuƙa tuwo tana faɗa da muciya: “Ni Juwairiyya, yau ni ka dahwa ma ɓarayi shinkahwa! Cukun da Rabi taz zubo min sun cinye, ga ni ina ƙara musu!” Amma ba ta taɓa rage gishiri a miya ba, don sunan gidan take karewa.

Mahara kuwa, mutanen da suka saba da ƙanzo da ruwan tafki, suka fara sheƙi. Ɗaya har ya koyi share fili ba a sa shi ba. Wani ya riƙa bin Siddiƙu masallaci. Tambari kansa ya sassauta ɗamara, yana cewa bai taɓa ganin mutumin kirki irin maigidan nan ba. Siddiƙu na murmushi, amma tun ranar da ya ga rigar nan abinci bai ƙara yi masa daɗi ba. Tumbin ma ya fara saki.

Rumbu ya kusa kai ƙasa sai ga wani masunci daga Dundaye ya yi sallama, ya ja shi gefe. Ya ce Abdulwahabu ne ya aiko shi: an sami Madugu da mutanensa a wani ƙauye, duk da ransu, sai dai ƙafafu sun kumbura da tafiya, kuma yau da la'asar za su shigo gari. Siddiƙu ya rungume masuncin nan da ƙarnin kifinsa da komai, ya yi ta hamdala.

Sa'an nan ya shiga zaure ya zauna gaban Tambari, ya gyara murya. Ya ce, “Tambari, kun ci kun huta, yanzu lokacin tambaya ya yi, amma ba ni da tambaya. Mai kaya shina bisa hanya, in an jima shina nan. Kun ci tuwona, don haka ba ni kiran dogari. Ƙohwa ga ta. Kaya da jakai da makamai sun zamna. Rigag ga ma tuɓe ta, ba taka ta ba.”

Tambari ya dubi makaman da ke rataye can sama, ya dubi ƙofar da ke buɗe ga titi cike da mutane, ya dubi wannan gajeren mutum da bai kau da ido ba. Ya ce, “Tun yaushe kas sani?”

“Tun akushin hwarko.”

“Kuma kay yi ta yanka muna awaki?”

“To mi zan yi? Baƙi na ku.”

Ƙaton nan ya sunkuyar da kai. Ya tuɓe rigar, ya ninke ta da kyau, ya ajiye a tabarma. Ya yi ƙoƙarin cewa wani abu game da gonarsu da dutsen Nasara ya raba su da ita, Siddiƙu ya ce wannan tsakaninsa da Allah ne, shi dai kada ya ƙara ganinsu a hanyar Madugu. Ya leƙa ciki ya ce a ƙulla musu guzuri, don ba a sallamar baƙo hannu wofi. Abin da Juwairiyya ta faɗa a nan ba zai maimaitu ba. Amma ta ƙulla, da ɗan garin da ya rage. Suka fita ɗaya bayan ɗaya ta ƙofar yamma, wanda ya koyi shara har yana waiwaye.

Siddiƙu ya share zaure da kansa, ya shimfiɗa sabuwar tabarma, ya zauna. La'asar ta yi, ta fara sanyi. Can sai ya ji hayaniya wajen ƙofar gari, ya miƙe, ya kasa kunne. Hayaniyar ba ta matso ba. Wani maƙwabci da ya dawo daga can ya ce ai Madugu ya iso, a kan dokin Abdulwahabu, sanye da rigar Abdulwahabu, kuma an shige da shi gidan Abdulwahabu, inda aka yanka rago tun da rana.

Siddiƙu ya koma ya zauna. Ai shi ya ce a yi haka, ba wanda ya zalunce shi. Ya gaya wa kansa cewa Giɗaɗo na da rai, kayansa ko igiya ba ta ɓata ba, gobe sai ya kora jakan ya kai masa can, ya miƙa, ya yi masa barka. Duk ya san wannan, amma zuciyarsa ta ƙi ji. Ya dubi gefen tabarmar da Giɗaɗo kan zauna tun suna samari.

Sai ya ji sanda na ƙwanƙwasar ƙasa a hankali, da jan ƙafa. Aka yi sallama da wata murya da ya sani. Giɗaɗo ne tsaye a ƙofar zaure, ya rame ya yi baƙi, ƙafafunsa naɗe da tsumma. A bayansa ga Abdulwahabu, da ƙaton akushi a hannu, ransa a ɓace.

Abdulwahabu ne ya fara magana. “Siddi, karɓi mutuminka, ya ishe ni! Tun daga ƙauyen da ni ishe shi nika miƙa mai guzuri, sai shi ce ruwa dai. Yaranshi sun ci, shi ko sai kurna da goriba shika tsinta bakin hanya. Na kai shi gida, na aje mai rago gaba nai, yaw wanke hannu, yay yi min godiya, yat tashi. Wane irin taurin kai na wanga?”

Giɗaɗo ya jingina sandarsa, ya lallaɓa ya zauna a gefen tabarmarsa, ya miƙe ƙafafu da ƙyar. Ya dubi Siddiƙu ya ce, “Maigida, yunwa nika ji.”

Siddiƙu ya zabura ya yi cikin gida yana tuntuɓe. “Juwairiyya! Abinci! Madugu na!” Ta ɗaga hannu sama ta ce wane abinci, ɓarayinsa sun cinye gidan, garin ƙarshe shi ya sa ta ƙulla musu. Abin da ya rage sai ɗan sauran tuwon jiya a gindin tukunya, ya sandare, ko miya babu. Ya tsaya yana kallon tukunyar kamar ya yi kuka. Ba yadda zai yi, ya kankare shi a akushi ya fito da shi, kunya kamar ta kashe shi.

Ya ajiye a gaban Giɗaɗo, kusa da akushin Abdulwahabu da ke ta tururi, ƙamshin naman rago ya cika zaure. Ya buɗe baki zai ba da haƙuri, Giɗaɗo ya ɗaga masa hannu. Ya ja akushin tuwon jiya gabansa, ya yi bisimilla, ya gutsura, ya kai baki. Ya tauna a hankali, ya haɗiye, ya lumshe ido.

Sa'an nan ya ce, “To, alhamdu lillahi, na sauka. Abdu, yanzu miƙo naman nan naka mu ci.”

Siddiƙu ya zauna daɓas a ƙasa, yana dariya, hawaye na bin gemunsa.